Yadda Ake Gane Abin da Fitilar Cek Ke Faɗa Kafin a Taɓa Injin Mota

Ka tsaya a tasha ranar Alhamis ka leƙa gaban direbobin da ke lodin Maigatari, ko ranar Juma'a masu ɗaukar fatake zuwa Wudil. A motoci da yawa za ka tarar da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci, wani lokaci da rubutun CHECK ENGINE. Wani ya manna mata baƙin salatif, wani kuma rewaya ya cire masa ƙwanta gaba ɗaya don hankalinsa ya kwanta. Ban ga laifin direba sosai ba, domin garejin da ke da na'urar dubawa yana can Dutse, Haɗejia ko Kano. Sai dai tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, motar da ke shan mai fiye da ƙima cinye ribar ranar take yi, kuma sau da yawa abin da fitilar ke ƙoƙarin sanar da kai ke nan.

Kusan duk motar zamani da ke aiki da nozul, mai fesa wa inji mai, tana da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke ce wa biren bokis. Sensoci ne ke kai mata rahoto: yawan iskar da ke shiga inji, zafin ruwa, juyawar karanshaf, da abin da ya rage a hayaƙin salansa. Idan wani rahoto ya saɓa wa ƙa'ida, sai ta ajiye lamba ta kunna fitila. Aikinka shi ne ka kai ga wannan lamba, ka kuma san yadda za ka yi da ita.

Mataki na farko: tabbatar wace fitila ce

Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilun gaban direba za su kama, har da ta cek, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Idan ta cek ba ta kama ba ko kaɗan, ƙwan ya mutu ko an cire shi. Mai shirin sayen mota ta hannu ya riƙe wannan da kyau, don akwai masu ɓoye ciwon mota ta wannan hanya.

Kada ka haɗa ta da jajayen fitilu. Ja mai kama da buta ta baƙin mai ce: in ta kama kana tafiya, sauka gefen hanya ka kashe inji nan take, ko da saura kilomita ɗaya ka isa gida, in ba haka ba inji zai buga. Haka ma ta zafin ruwa. Mai siffar batir kuma caji ne ya tsaya.

Mataki na biyu: a tsaye take ko ƙiftawa take yi?

Idan tana ci a tsaye, mota tana jan ta lafiya, allurar zafi tana inda ta saba, kuma babu baƙon ƙara, za ka iya ƙarasa tafiyarka, ka nemi a duba cikin kwanakin nan.

Idan kuwa ƙiftawa take yi, magana ta canza. Wannan na nufin wata silinda ba ta ƙona mai, abin da direbobi ke cewa mota tana misin. Ɗanyen fetur yana gangarawa salansa, ya je ya ƙone a cikin matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, har ya narkar da ita. Za ka ji mota tana kakkarwa, ƙarfinta ya ragu. Sassauta ƙafa, rage kaya in da hali, ka tsaya a wuri mafi kusa. Fulogi ko kwail ɗaya, wato mai ba fulogi wuta, ba su kai kuɗin indomi ba ko kusa.

Mataki na uku: duba abin da ido da hannu za su iya

Fara da tambayar kanka me ya faru kafin ta kama. A ina ka sha mai na ƙarshe? Man galan na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa, ƙasa ko gauraye, kuma a ƙauye sau da yawa shi kaɗai ake samu. Ko man gidan mai ba a rasa matsala: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima cikin ƙasar nan, motoci da dama suka sha wahala. Ka ratsa ruwa a damina? Ka wanke inji da ruwa mai ƙarfi? Jiƙaƙƙen soket ko ruwa a ramin fulogi yana kunna cek.

Sai murfin tanki. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka, irin su Camry, Corolla, Sienna, Accord da Vibe, suna auna ko tururin mai na tsiyaya, don haka murfin da bai ɗauru ba ko wanda robarsa ta tsage ya isa ya kunna fitila. Ɗaure shi sosai. Ba za ta mutu nan take ba, sai an yi 'yan tafiye-tafiye.

Buɗe bonet inji a kashe. Ciro matatar iska ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. A hanyoyinmu na burji, musamman da hunturu, tana toshewa tun kafin lokacin da kamfani ya ɗiba mata. Bi babban tiyon da ya tashi daga gidan matatar zuwa inji, ka lanƙwasa shi kaɗan, tsagewa takan ɓuya a cikin ninkin robar. Duba kan batir ko ya yi sako-sako ko ya yi farin gari. Ka kuma duba wayoyi: motar da ke kwana kusa da rumbu ko wadda ke dakon hatsi, ɓeraye na shiga su ci waya.

Mataki na huɗu: karanta lambar

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ramuka 16. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Tsofaffin motocin Turai irin Golf 3 sau da yawa ba sa magana da ƙaramar na'ura, sai wadda aka yi don kamfaninsu. Sauran kuwa, 'yar na'urar ELM327 ta isa: ka soka ta, ka murɗa makulli, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. A ganina direbobin tasha guda su yi karo-karo su sayi ɗaya su ajiye a ofishin ƙungiya, ta wadatar da kowa.

In a gareji aka sa maka kwamfuta, ka ce, "Maigida, don Allah kafin ka goge, bari in rubuta lambar." Ɗauki hotonta ma. Wanda ya goge bai faɗa maka komai ba, kuɗinka kawai ya karɓa.

Mataki na biyar: fassara ta da hankali

Lambar harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. Mai farawa da P ta inji da giya ce, ita ce za ka fi gani. P0300 misin ne a silinda daban-daban; P0301 zuwa P0304 kuwa alƙalamin ƙarshe shi ne lambar silindar. P0171 iska ta rinjayi mai, P0172 mai ya rinjayi iska. P0101 sensar iska ce, P0335 sensar karanshaf, wadda kan sa mota ta mutu in ta yi zafi ta ƙi tashi sai ta huce. P0455 tururin mai na fita, sau da yawa murfin tanki ne.

Nan ne aka fi yin asara. Lamba unguwa take nuna maka, ba ƙofar gida ba. Ta ambaci sensa ba yana nufin sensar ce ta mutu ba. Wataƙila gaskiya take faɗa game da wata ɓarakar, ko wayarta ce ta yanke. Kada ka hau motar kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen kaya kafin a gwada.

Ɗauki P0302. Idan motar mai kwail ɗaya a kan kowane fulogi ce, a musanya kwail na biyu da na uku, a goge, a zagaya. Lamba ta koma P0303? Kwail ne. Ta tsaya a P0302? A duba fulogi, sannan nozul, sannan ƙarfin matsin silindar. Gwajin musanya kwail ɗin nan ba ya cin ko sisi. A P0171 kuma, fara neman inda iska ke satar shiga ta tsagaggen tiyo, sai a tsabtace sensar iska da feshin da aka yi dominta, ba da fetur ko tsinke ba, don 'yar wayar cikinta ba ta jure taɓawa. Bayan haka a auna ƙarfin famfon mai.

Lambobi biyu kuma sau da yawa hannun mutane ne ke jawo su. P0420 na fitowa idan indomi ta gaji ko an fasa an kwashe ta. P0128 kan biyo bayan cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, al'adar da ta zama ruwan dare wai don ƙasarmu da zafi. Injin an gina shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya kasa kaiwa, ƙwaƙwalwa na ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Mota mai yawan zafi lagireto, fanka da famfon ruwa ake duba mata, tamostat ɗin da ya lalace kuma sabo ake sa wa a gurbinsa.

Mataki na shida: bayan gyara

Yanzu ne lokacin gogewa. Cire kan batir ma yana kashe fitilar a motoci da yawa, amma bai gyara komai ba, kuma yana shafe bayanin da makanike zai yi aiki da shi. Bayan an goge, yi tafiyarka ta yau da kullum na 'yan kwanaki, cikin gari da kan kwalta, domin ƙwaƙwalwa sai ta sake gwada kowane sashe kafin ta yanke hukunci. Ko ba a goge ba, in gyaran ya yi, fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba. Idan ta dawo da lambar farko, koma wa wanda ya yi aikin da takardarka a hannu. Idan sabuwar lamba ce, rubuta ta ƙarƙashin tsohuwar tare da kwanan wata da kilomitar da mota ta ci, ka ajiye takardar tare da takardun mota.