Idan jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare

Ƙarfe biyu na dare ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa. "Yaya, jikin yaron nan kamar garwashi. Na ba shi magani tun ƙarfe goma bai sauka ba, in ƙara masa?" Na ce nawa kika ba shi? Ta ce cokali ɗaya. Wane cokalin? Na shayi. Daga wace kwalba? Sai da ta haska fitilar waya kafin ta iya karanta mini. Na daɗe ina aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa, kuma amsar da nake ji ke nan kusan kullum. Abin da na gaya mata a daren nan shi zan gaya miki, 'yar'uwa.

Fara da auna shi. Tafin hannu yana ruɗi, musamman a watan Afrilu da kowa jikinsa zafi ne. Ma'aunin zafin jiki mai batir ba shi da tsada a kemis, ki saya ki ajiye. Ki sa shi a hammatar yaro, ki danne hannunsa har ya yi ƙara. Daga digiri 38 zuwa sama, zazzaɓi ne. In jaririn bai kai wata 3 ba kuma ya kai 38, kada ki buɗe kwalba, ki goya shi zuwa asibiti a lokacin. Haka yaro mai sikila, zazzaɓinsa ba na jinyar gida ba ne.

Magani biyu ne kawai nake yarda uwa ta taɓa ba tare da likita ba: farasitamol da ibufurofen. Dukansu da nauyin yaro ake auna su, shekaru ba su isa ba. 'Yan shekara biyu su biyu, wani kilo 9 ne wani kilo 13. Ki duba katin rigakafinsa, nauyin da aka rubuta na ƙarshe yana nan, ko ki roƙa a ɗora shi a sikeli duk ranar da kika je asibiti.

Farasitamol: miligiram 15 ga kowane kilo ɗaya. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150 ke nan. Yanzu ki ɗauki kwalbar ki karanta. Yawancin na ruwa da ake sayarwa a nan an rubuta musu 120mg ko 125mg a cikin 5ml. Da irin wannan, mai kilo 8 zai sha 5ml, mai kilo 10 zai sha 6ml, mai kilo 12 zai sha 7ml. Amma akwai mai 250mg a cikin 5ml na yara manya, ƙarfinsa ninki biyu ne, don haka rabin wancan awon za ki ba da. Akwai kuma na ɗigawa a ƙaramar kwalba, mai 100mg a cikin 1ml kacal. Wannan ya ninka na farko sau huɗu. Uwar da ta cika cokali da shi ta ba jariri ta ɗora wa hantarsa kayan da ba za ta iya ɗauka ba, kuma illar ba ta bayyana a ranar, sai bayan kwana biyu ko uku. Shi ya sa nake nanata karanta kwalba ko da kin saba da sunan maganin.

Tsakanin sha da sha a bar awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau 4 daga yanzu zuwa gobe war haka. Ki rubuta lokacin a jikin kwalin. Da dare kai yana ɗaukar zafi, ke ki ba shi, kaka ta farka ta ba shi, maigida ya dawo daga kemis da wani ya ba shi.

Cokalin gida ki bar shi a kicin. Ba su zo ɗaya ba, wani ya fi wani zurfi. Ki yi amfani da ɗan kofin da ke kan kwalbar, ko sirinji marar allura, wanda ni na fi so domin yana nuna awo daidai kuma za ki iya tsiyaya maganin a hankali ta gefen kumatu yaron bai shaƙe ba.

Ibufurofen yana da ƙa'idoji fiye da ɗan'uwansa. Miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, bayan awa 6 zuwa 8, kada ya wuce sau 3 a yini da kwana. Na ruwan yawanci 100mg ne a cikin 5ml, to mai kilo 10 kada ya wuce 5ml a sha ɗaya. A ba shi bayan ya ci wani abu ko ya sha nono. Ba a ba jaririn da bai kai wata 3 ba, ni kuma ina cewa ƙasa da wata 6 a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. In yaro yana amai da gudawa, ko ya ƙi shan ruwa har fitsarinsa ya ragu, a bar shi, domin yana iya taɓa ƙoda. In ƙarambau ne ya fito masa, nan ma a bar shi. Kada ki haɗa su biyun a lokaci ɗaya. Fara da farasitamol, in yaron bai samu sauƙi ba sannan a yi tunanin ɗayan.

Asfirin kuwa babu ruwan yaro da shi sai ya kai shekara 16, saboda wani ciwo da yake jawowa mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Garin Alabukun da manya ke sha don ciwon kai yana ɗauke da asfirin, kada a ɗiba wa yaro. Ki kula kuma da magungunan mura da tari, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai ki ba da biyu kina zaton ɗaya kika bayar.

Inda kika sayi maganin ma abin dubawa ne. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka gurɓata da guba mai kashe ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara sama da 80 a Najeriya. A 2022 an ga irin haka a Gambiya da maganin tari. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji kwalbar da ta wuni a rana kan faranti a tasha.

Ga abin da na fi so ki riƙe. Waɗannan magunguna suna kwantar da zafi ne yaro ya samu ya sha nono ya yi barci, ba sa kashe abin da ya kawo zazzaɓin. A ƙasarmu, musamman daga damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne farkon abin zargi, kuma yana iya kayar da ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu alhali farasitamol na ta sanyaya jiki uwa na murna. Kafin awa 24 ta cika a kai shi a tsaga ɗan yatsa a gwada jini, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In an samu, a ba shi cikakken maganin kwana 3, kada a tsaya don ya tashi yana wasa. Ko yana karɓar maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, a gwada shi. Maganar "haƙori ne" kuma ta cuci yara da yawa. Fitowar haƙori tana sa dalalar miyau da rigima, amma ba ta kai jiki 39.

Yayin da kike jiran gari ya waye, cire masa kaya masu nauyi ki bar shi da 'yar shimi, kada a lulluɓe shi da bargo wai ya yi gumi. Nono, ruwa, kunu mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. In yana gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti. Kina iya shafe shi da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba na randa ko na ƙanƙara ba, don sanyi yana sa shi karkarwa zafin ya ƙaru daga ciki.

In jijjiga ta kama shi, wadda ta fi samun 'yan wata 6 zuwa shekara 5, kwantar da shi ta gefe a ƙasa, ki duba agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Yawanci tana tsayawa kafin minti 5. Ko ta tsaya a kai shi asibiti, in ta wuce haka kuwa a tafi tana yi.

Akwai alamun da ba a jira musu safiya: ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da komai, barcin da ba ya tasuwa, wuya ya sandare ko maɗiga ta kumbura irin na sanƙarau, haƙarƙari na lotsawa in yana numfashi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ana zargin ciwon huhu.

Ɗan ƙanwata kilo 12 ne, abin da ta ba shi bai kai awonsa ba. Awa 4 ta riga ta cika, na ce ta ba shi 7ml na farasitamol da sirinji ta sa masa ruwa a baki. Ƙarfe takwas na safe muka haɗu a asibiti, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, aka fara masa magani a ranar.