Yadda za ka auna tayin gidan yuro 1 a Italiya kafin ka yi ƙaura

Wasu ƙananan garuruwan Italiya, irin su Mussomeli a tsibirin Sisili, suna sayar da tsofaffin gidaje a kan yuro 1, saboda matasansu sun watse zuwa birane, gidajen kuma suna ta lalacewa.

Ka fara da karanta sharuɗɗan hukumar garin da kanka. Galibi ana neman kuɗin ajiya, wanda a wasu garuruwan ya kai yuro 5,000, tare da alkawarin kammala gyara cikin shekara 3, kuma wanda ya saɓa yana iya rasa kuɗin. Daga nan ka ɗauki injiniya ya duba rufi da harsashi, domin a gyara ne ainihin tsadar take, ban da haraji da ladan jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke zaton mallakar gida tana ba da izinin zama. Ba ta bayarwa. Biza ta gajeren zango kwana 90 kawai take ba ka cikin kowane kwana 180, saboda haka sai ka nemi bizar dogon zama daban, ka kuma tambayi ofishin jakadancin Italiya ko dokarsu ta yarda ɗan ƙasarka ya sayi gida tun bai sami izinin zama ba.

In da hali, ka ziyarci garin da hunturu, ka ga nisan asibiti da makaranta, ka kuma soma koyon Italiyanci tun kana gida.