Yadda malami zai auna kansa a aji

Malam, kafin ka ce yaran nan basa ganewa, ɗan jingina wayarka a bayan aji ka yi rikodin darasi guda, minti 40 ɗin nan, da daddare ka saurara kai kaɗai. Ka lura minti nawa ka yi kana magana, nawa ɗalibai suka samu, kuma su waye kake yawan kira, don wallahi yawancinmu 'yan layin gaba muke koyarwa, na baya kwafar allo kawai suke yi har a buga ƙararrawa.

Sai ka ƙirga shirun da kake yi bayan tambaya. A shekarun 1970 wata mai binciken ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano malamai kusan sakan 1 suke jira, in aka kai sakan 3 amsoshi sun fi tsawo, yara da yawa sukan ɗaga hannu.

Daga nan ɗauki biro ka rubuta, me na yarda dashi game da yaron da ya faɗi jarabawa, rago ne ko ni ne ban sauko inda yake ba? Abu ɗaya zaka gyara a sati, ranar Juma'a ka sake rikodin ka gwada da na farko.