Idan dokin Sallah na kwali ya ƙi gyaɗa kai

Dokin kwali da mahayinsa, da rawani irin na hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi, shi yara suka fi haɗawa su aje a bakin shago. Ƙaramin injin sarbo SG90 ne ke ɗaga kan, wato ɗan inji mai juya hannunsa zuwa kusurwar da aka umarce shi, Arduino kuma, ƴar ƙaramar kwamfuta a kan ɗan allo, na ba shi umarni. Da ya tsaya sai su zo mini: "Malam, injin ya ƙone." Da wuya ya ƙone.

Kafin ka taɓa komai, zare ƙarfen da ya haɗa hannun sarbo da wuyan dokin, ka kunna. In ya juya lafiya lau, nauyi ne ya fi ƙarfinsa. SG90 na jan kimanin kilo 1.8 a nisan santimita 1 daga tsakiya. Ka kai santimita 5, abin da zai iya bai kai rabin kilo ba. Maida ƙarfen ramin hannun sarbo da ya fi kusa da tsakiya, ka ɗaura noti a bayan wuyan ya rage nauyin kai. Motsa wuyan da hannu, in yana cijewa goge ƙurar da ta shige gaɓar. Gam ɗin kyandir kuwa ba ya jure ranar bazarar Maradi, saki yake yi. Ni ƙusa mai murɗi nake sa wa.

In ba kaya a kansa amma yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ko Arduino na mutuwa yana tashi, wuta ce ba ta isa. Nan yawancin matsalar take. Sarbo na son bolt 4.8 zuwa 6, kuma sa'ad da zai tashi yana zuƙar wuta da yawa, alhali abin da Arduino Uno ke samu ta USB bai wuce miliyamfa 500 ba. Batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kada ma ka ɓata kuɗinka. Ba sarbo wutarsa daban: cajar waya mai bolt 5 da amfa 2, ko batir AA guda 4, waɗanda ba ruwansu da ɗaukewar wutar NIGELEC. Wayoyin sarbo uku ne: ja ta wuta, ruwan ƙasa ta GND (ɓangaren wuta mai alamar −), ruwan lemo ta umarni. Dole ka haɗa GND na cajar da GND na Arduino. Wannan ƴar wayar ake mantawa, sai doki ya riƙa fizge-fizge ba dalili. Kafasita, ƴar ma'ajiyar wuta, mai 470 µF tsakanin ja da ruwan ƙasa tana kwantar da sauran karkarwar. Duba farin layin jikinta, ɓangaren nan ne ke zuwa GND.

Sai ka kasa kunne. Gurnani a ƙarshen juyi na nufin yana tura abin da ba ya turuwa, jikinsa zai ɗau zafi. A umarnin da ka rubuta wa Arduino, maimakon digiri 0 zuwa 180, rubuta 20 zuwa 160. In kuma kana jin injin na gudu a ciki hannun bai motsa, haƙoran roba sun cinye. Sayi MG90S mai haƙoran ƙarfe, girmansu kusan ɗaya, kuma ka hana yara murɗa kan dokin da hannu.

In har yanzu shiru, ɗora misalin Sweep da ke cikin manhajar Arduino, mai juya sarbo gaba da baya, wayar ruwan lemo a ramin Arduino mai lamba 9. Ya juya, kuskuren na cikin abin da ka rubuta. Bai juya ba, canza wayoyin tukuna, sannan ka nufi babbar kasuwa neman sabon sarbo.