Yadda Iyaye da Makaranta Za Su Taimaki Yaron da Karatu Ke Ba Wuya

Na daɗe ina koyarwa a ƙananan azuzuwa, kuma kuskure ɗaya nake ta gani wurin iyaye. Da an ce musu yaro ba ya iya karatu, sai su ɗauko malamin lesin. Shi kuma ya zo ya maimaita abin da aka yi a aji, da irin hanyar da ta riga ta kasa. Wata shida ya wuce, kuɗi sun tafi, yaro yana nan jiya i yau.

Kafin komai, a kai shi a duba masa ido da kunne. Yaron da ba ya hango allo sosai, ko wanda ciwon kunne ya rage masa ji, duk ƙoƙarin malami a kansa zai tashi a banza.

Sai a gano ainihin inda ya maƙale, kuma a nan ni kaina na taɓa yin ɓata. Akwai wata yarinya a ajina da take karanta shafi tiryan-tiryan, yatsanta na bin layi, har nakan sa ta karanta wa 'yan aji. Sai da zango ya kusa ƙarewa na miƙa mata wani littafi da ba ta taɓa gani ba, ta tsaya cak a kalmar farko. Ashe hadda take yi, kunnenta ne ke ɗauke abin da wasu suka karanta. Har yau abin yana damuna, domin watanni ta yi asara a hannuna.

Saboda haka kada ku gwada yaro da littafin aji. Ku rubuta masa haruffa a warwatse, ba a jere ba, ya faɗi sautin kowanne. In ya wuce, ku ba shi gaɓoɓi, baƙi da wasali: ba, ɗi, ƙu, tso. Daga nan ku ƙirƙiri kalmomin da ba su da ma'ana, kamar mibo ko ƙelu. Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi, domin ba yadda za a yi ya haddace abin da babu shi. Sai gajeren labari sabo, ku ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, ku rubuta adadin da kwanan wata, sannan ku yi masa tambaya biyu ko uku a kan labarin. Ƙungiyar Pratham ta Indiya da irin wannan tsani take auna yara, daga harafi zuwa kalma zuwa labari, ta kasa su bisa matakin da suke, ba bisa shekaru ko aji ba.

Da wannan takarda za ku je makaranta. Kada ku tsaya a "Malama, a taimaka a sa masa ido." Ku zauna da malamar aji, ku fitar da buri guda ɗaya tak, misali nan da mako 6 ya iya haɗa kowane baƙi da wasali ba gargada. A rubuta wa zai yi me, a wane lokaci, da ranar da za a sake zama. A makaranta, a haɗa shi da yara uku ko huɗu masu matsala irin tasa. A gida, minti 15 kullum ya fi awa biyu a ƙarshen mako amfani, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Hanyar da malama ke bi, ita za a bi a gida, kar a rikita shi. Ban yarda da duka ko kiran yaro daƙiƙi ba ko kaɗan. Yaron da ke tsoron littafi ba zai buɗe shi ba.

Idan mako 6 ya cika, a sake gwajin da sabon labari, a kwatanta da adadin farko. In an yi zagaye biyu abu bai motsa ba, a nemi ƙwararre ya duba ko disleksiya ce, wato lalurar da ke sa karatu ya yi wa mutum wuya, wadda wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa wa suna. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma takan bi jini, don haka ku gaya wa ƙwararren in akwai wanda ya sha wahalar karatu a dangi. A halin da ake jira, a roƙi makaranta ta ƙara masa lokaci a jarabawa, a riƙa karanta masa tambayoyin lissafi da kimiyya da baki.