Idan kwakwalwar eskabeta ta daina magana da ƴan uwanta, ga ta inda ake farawa

Duk wanda ya sayi eskabeta ta hannu ya san wannan ciwon kan, ka murɗa makulli allo ya kawo wuta amma ma'aunin zafi da na gudun inji duk sun kwanta, ko inji ya tashi amma ya ƙi karɓar totur, sai ga lambar matsala ta fito wai babu sadarwa da kwanturola, wato akwatin kwamfutar motar da ake ce wa kwakwalwa. Abin da yawancin mutane ke yi nan take shi ne su ce kwakwalwa ta ƙone a nemo sabuwa. Ni dai ban yarda a taɓa kuɗin kwakwalwa ba sai an auna waya tukuna, don sau tari akwatin lafiyarsa kalau, hanyar da yake bi ya yi magana ce ta lalace.

A cikin motar akwai akwatuna da yawa, na inji daban, na famfon haidirolik daban, ga kuma allon da ke gaban direba, dukkansu kuma suna hira ne ta wayoyi biyu kacal da aka murɗe su tare kamar igiya, ana ce musu CAN H da CAN L. Galibin manyan motocin aiki tsarin sadarwa mai suna J1939 suke bi, inda H ke zuwa ruwan ɗorawa L kuma kore, amma kar ka rantse da launi a tsohuwar mota, wani ya riga ka shiga cikin wayarin ɗin. Nemi zanen wayarin na ainihin samfurin motarka.

Fara da wuta. Yawancin waɗannan motoci bolt 24 ne, batir biyu masu 12 a jere, in ɗaya ya raunana lokacin tayarwa wuta sai ta faɗi ƙasa akwatin ya ɗauke na ɗan lokaci, sauran kuma su rubuta cewa ya ɓace. In inji na aiki ya kamata ka ga wajen 27 zuwa 28 da ɗoriya. Duba fiyus da rilen da ke ba akwatin wuta, sannan ka je kan soket ɗin akwatin kansa ka auna a can. Kuma mita kaɗai tana yaudara, wayar da silli ɗaya ya rage a cikinta za ta nuna maka 24 cif amma ba za ta ɗauki kaya ba, shi ya sa ake jona ƙwan fitila a ga ko zai kama da ƙarfi. Wayar at, wato wadda ke mayar da wuta jikin mota, ita ma haka, kwance notin da ya ɗaure ta a jikin shasi, kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi haske. Motocin hannu da yawa an fesa musu sabon fenti kafin a sayar, fentin nan yana shiga har ƙarƙashin wayar at.

Toh sai awon da ya fi komai faɗin gaskiya. Kashe makulli, kashe babban makunnin batir, sa mita a kan om, ka auna tsakanin H da L. A ƙarshen layin nan ta kowane ɓangare akwai ɗan resisto mai om 120, su biyun idan suka haɗu sai su ba ka 60. Ka ga 60 ko kusa da shi, kashin bayan layin yana nan. Ka ga 120, ɗaya ya ɓace ko waya ta tsinke a tsakiya mita na ganin ɓangare guda kawai. Ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe, galibi inda damin wayoyi ya gogi ƙarfe ya goge roba. Wani lokaci kuma 40 za ka gani, ma'ana resisto uku ne a layin, nan sai ka fara neman abin da tsohon mai motar ya ƙara, irin na'urar bin sawu da aka maƙala aka manta da ita a bayan kujera. Wasu motocin resiston yana cikin akwatin ne ba a waje ba, don haka in ka zare soket ka ga awo ya koma 120 kar ka ruɗe. In motar na da soket ɗin gwaji mai rami tara irin na Deutsch, a tsarin J1939 ramin C shi ne H, D kuma L.

Bayan nan mayar da batir, buɗe makulli, auna kowace waya da jikin mota. Su biyun suna zama kusa da bolt 2.5, H ta ɗan haura L ta ɗan sauka. Ka ga sifili a ɗaya ta taɓa jiki, ka ga wutar batir ta haɗu da wayar wuta.

Lambar da ta fito ma a karanta ta da hankali. A cikin lambar, SPN 639 na nufin layin sadarwar kansa, FMI 9 kuma saƙo ne bai iso a kan lokaci ba, a motocin Caterpillar za ka iya ganin CID 247 a madadin SPN 639. Akwatin da ya rubuta lambar ba shi ne mai laifi ba, shi ƙorafi yake cewa bai ji ɗan uwansa ba. In akwatuna uku duk suna kukan ba sa jin guda ɗaya to je wajen wancan ɗayan, wutarsa da at ɗinsa da soket ɗinsa. In kuwa kowa na kukan kowa, layin ne gaba ɗaya ya faɗi, sai ka riƙa zare akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kana kashe makulli kafin kowace zarewa, wanda ka cire sauran suka farfaɗo shi ne ke danne layin.

Mai wahalar ita ce wadda ke zuwa tana tafiya, da safe lafiya, in mota ta yi zafi ko ta hau dutse tana jijjiga sai ta ɗauke. Bar mita a jone wani ya riƙa girgiza damin wayoyin taku taku, musamman inda ya fita daga ɗakin direba da kusa da inji, kai kana kallon awo. Buɗe kowane soket ka haska tocila, koren tsatsa a kan fil alamar ruwa ne, sau da yawa daga wankin matsi. Fil ɗin da ya ja baya ko ya saki baki shi ma haka. Duk inda ka ga baƙin tef an naɗe, warware shi, za ka sha mamakin abin da ke ciki. In za ka gyara ka sake murɗe wayoyin biyu tare yadda suka zo, murɗin nan shi ke kare su daga hayaniyar lantarki.

Sai duk wannan ya fita tsaf sannan a zargi akwatin, kuma ka tambaya ko an taɓa yin walda a jikin motar ba a cire batir ba, ko an jona batir a juye wajen tayarwa. Duba lambar jikin akwatin ma, don a motar hannu ana ɗauko na wani samfurin a dasa, soket ya shiga daidai amma manhajar ciki ba ta motar ba ce, wannan kam sai an sa kwamfutar kamfanin irin Cat ET an duba an kuma saita shi kafin ya yi aiki.