Yadda Za Ka Nemi Bincike da Gurbin Digirin Digirgir a Fannin Kasuwar Hajoji

Wani ƙanena da ke aiki a wani banki a Wuse ya shafe wata biyu yana lalube a intanet, wai yana neman jami'ar da ke da digiri na uku mai sunan kasuwar hajoji, wato kasuwar kaya irin su mai, hatsi da ma'adinai. Bai samu ba. Da ma abin ba shi da sashe na kansa a yawancin jami'o'i. Yana ɓoye ne a sashen harkokin kuɗi, ko tattalin arzikin noma, ko na makamashi. Malami za ka nema, ba sunan kwas ba.

Da farko tsayar da hajarka. Ɗanyen mai ne, ko masara, ko riɗi, ko zinari? Wanda ya ce duka yake so bai shirya ba tukuna. Tambaya ƙarama ta wadatar: me ya sa buhun masara ke faɗuwa da kaka ya tashi kafin damina, kuma wa ke cin ribar ajiyar? Irin wannan tambayar ce masanin tattalin arziki Holbrook Working ya gina nazarinsa na ajiya a kanta a 1949, har yau kuma ana jayayya a kai.

Sai karatu. Buɗe shafukan neman maƙalun bincike: Google Scholar, da SSRN, da IDEAS na RePEc. A SSRN da IDEAS ne ake samun maƙalun marubuta kafin a buga, yawanci kyauta, don haka kada kuɗin mujalla ya tsorata ka. Duba Journal of Commodity Markets da aka fara a 2016, da Journal of Futures Markets, da Energy Economics. Idan maƙala ta burge ka, danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Cikin mako biyu za ka ga sunaye huɗu ko biyar suna ta maimaituwa. Rubuta su a littafi, kowane da jami'arsa.

Nan ne jerin makarantunka zai fito da kansa. A ɓangaren hatsi za ka ci karo da Scott Irwin na Jami'ar Illinois a Amurka. A makamashi akwai Craig Pirrong na Jami'ar Houston. Akwai kuma Hélyette Geman, da ta yi suna a kwalejin Birkbeck ta Jami'ar Landan. Amma babban suna ba komai ba ne. Duba ko malamin ya buga wani abu a shekaru uku da suka wuce, da kuma inda ɗalibansa suka samu aiki.

Tsarin ya bambanta. A Ingila da shawarar bincike a hannu ake zuwa, sai malami ya yarda da kai, shekara uku zuwa huɗu. A Amurka sashe ke ɗauka, wajen shekara biyar, galibi da albashin ɗalibi, kuma da yawa suna rufe karɓar takardu a Disamba, wasu da jarrabawar shiga karatun gaba da digiri mai suna GRE. Ko'ina ne dai sai lissafi ya zauna maka, tare da harshen kwamfuta na R ko Python.

Kuɗi fa? Ofishin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, yana nan Abuja ga masu harkar mai da gas, asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, tallafin Commonwealth kuma ta hukumar tallafin karatu ta tarayya ake bi.

Abin da kake da shi wanda ɗalibin Chicago ba shi da shi, kasuwar gida ce. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci duk wata, Bankin Duniya ma haka da nasa rahoton farashin hajoji na duniya, Pink Sheet. Kasuwannin hajoji na AFEX da Nigeria Commodity Exchange duk suna garin nan. Ɗauki farashin masara na 'yan shekaru, ka zana jadawali ɗaya, ka haɗa shi da wasiƙar da za ka aika wa malamin da ka zaɓa.

Wasiƙar kada ta wuce sakin layi uku: maƙalarsa da ka karanta, tambayarka, da alƙaluman da ke hannunka. Idan mako biyu suka wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, sannan ka wuce zuwa suna na gaba a littafinka.